Tsintar Tsakuwa a Filin Tajaye

Furfura ta cinye mini gemu, abubuwa da yawa sun kwance mini, amma ranar da na sa kolonel guda ya duƙa yana tsintar tsakuwa tana nan a idona kamar jiya. Tunda kun yi ɗawainiya har Tsarnawa don ku gaishe ni, ku da kuka gaje mu a gyaran jirage, to ku gyara zama.

A lokacin ina ajidan, wato babba a cikin ƙananan hafsoshi, kuma makanikan jiragen yaƙi duk a hannuna suke. Jirgi ba ya tashi sai na duba shi na sa hannu. Jiragenmu kuwa sun tsufa, sai lallaɓawa, har aka yanke shawarar sayen sababbi, aka kafa kwamiti ƙarƙashin wani kolonel, aka jefa ni ciki don in yi maganar gyara. Jirage iri biyu aka kawo mana mu zaɓa. Na farko jet ne, kafin ka ji ƙararsa ya wuce, muka sa masa suna Shaho. Na biyu mai farfela ne, ba shi da sauri ba shi da kyan gani, muka ce da shi Jaki. Kuɗin Shaho ɗaya ya isa a koro Jakuna da dama.

A kwamitin akwai Kapitan Haruna, matuƙin jirgi, ɗan kawuna na Tajaye, wato taubashina. Cikin kaki ni ke sara masa. Da mun tuɓe kuwa sai wasa, ya ce mini Baƙin Mai, in ce masa direban da bai san inda ake zuba wa mota ruwa ba. An taɓa tura shi kwas waje, ya tuƙa irin Shahon nan, ya dawo ba shi da hira sai tasa. Wallahi in yana ba da labarin, har idonsa ƙyalli yake yi.

Ƙa'ida ita ce kowa ya rubuta rahoton ɓangarensa. Nawa shi ne in faɗi ko jirgin zai iya aiki a filayenmu. Filin kwalta yana can nesa, inda ake buƙatar jiragen kuma filayen jar ƙasa ne. Na san amsar tun ranar farko, amma na ga kolonel ya karkata wajen Shaho, kuma ajidan ba ya cewa kolonel a'a a cikin buro, wato ofis, gaban mutane. Sai na roƙi a je a ga fili ɗaya da ido, wani tsohon fili kusa da Tajaye. Ni aka bar wa zaɓen rana.

Ga abin da ya kamata wanda ba ɗan aiki ba ya sani. Injin jet iska yake zuƙa da ƙarfi, duk abin da ke ƙasa sai ya haɗiye. Tsakuwa kamar ƙwayar gujiya ta isa ta farfasa masa ciki. Shi ya sa kafin ya taka fili ake jera mutane kafaɗa da kafaɗa, a taka daga wannan bakin zuwa wancan, ana tsince komai. Kuma a wannan layin babu galo, wato ba a duba muƙami, duk wanda ke fili sai ya shiga.

Da muka isa da hantsi na ƙame na ce, “Mon kolonel, tunda mun zo, a yi wa filin ƙa'idarsa mana.”

Ya dube ni, ya dubi filin, ya ce a kawo bokitai. Mutum ne mai tumbi, Allah ya jiƙansa, amma bai ja da baya ba. Muka duƙa. Rana ta buɗe, gumi ya jiƙa kaki, bokiti ya cika a zubar a dawo. Tsakuwa, ƙaya, kashin awaki, har da tsohon takalmin roba. Sai wajen azahar muka kai ƙarshe, muka zube ƙarƙashin wani gawo, filin ya yi fes.

Ba mu gama shan ruwa ba sai ga amalanken jakai sun ɓullo, bayansu garken awaki, bayansu raƙuma biyu da mata ɗauke da ƙorai. Ranar kasuwa ce, masu sammako sun fara komawa gida, hanyarsu kuwa tun kaka da kakanni ta tsakiyar filin ta ratsa. Kafin ka ce kwabo sun mai da shi yadda muka iske shi. Wani tsoho ya tsai da amalankensa ya ce, “Sannunku sojoji! Tun da safe nig gane ku duƙe. Mi ya ɓace muku?”

Kolonel ya yi dariya har da riƙe ƙugu. Haruna bai yi ba. Garin ubansa ne, ya san ranar kasuwa, ya kuma san na sani.

Ya ja ni gefe ya ce, “Da gangan ka yi.”

Na ce, “Da gangan na yi, mon kapitan.”

“Ai sai a zuba kwalta, a kewaye da waya.”

Na ce a zuba a nan, sauran filayen fa? Ga motar shara, ga rumfa mai sanyi da na'urorin Shaho ke so, ga kayan gyara da sai an jira su daga waje, in ƙusa ta kwance sai an kira waɗanda suka ƙera shi. In aka saye shi, rabin shekara a ƙasa zai yi yana jiran wani abu.

Ya ce, “Kai kana lissafin tsakuwa, ni ina lissafin mintoci. Ran da aka kira mu ana kashe mutane, Jakinka shina bisa hanya za a gama.”

Na dai rubuta abin da na gani na sa hannu. Ba rahotona kaɗai ya yanke ba, aljihu ma ya yi magana, amma Jaki aka saya.

Daga ranar Haruna ya daina yi mini wasa. In mun haɗu sai, “Ina kwana, ajidan, ya iyali?” cikin ladabi, ya wuce. Ku yara ba ku san zafin wannan ba. Gara taubashi ya zage ka tas da ya gaishe ka kamar baƙo. Shekara ta zagayo bai zo karɓar kuɗin shara ba, har inna ta kira ni ta ce, “Mi ka yi wa ɗan ƙanena?” Na rasa ta inda zan fara yi mata bayanin injin jirgi.

Jakunan nan kuwa sun yi mana aiki, Allah ya sani. Ko'ina suka sauka, da safe su tashi. Da hannunmu muke kwance su mu ɗaure, ana shayi a gindin fiffike, rediyo na yi. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar waɗannan shekarun ba. Amma wata rana aka kira daga wani ƙauye mai nisa, Haruna ya tashi, ya isa ya tarar an gama ɓarna, sai hayaƙi. Da ya sauko ya miƙa mini hularsa bai dube ni ba, ya ce, “Da wancan ne, da na iske su.” Har yau ban san ko yana da gaskiya ba, ban san ko ranar Shaho zai kasance a sama ko a rumfa yana jiran ƙusa ba.

Muka yi ritaya a haka. Sai da inna ta rasu ya zo nan ta'aziyya, da sandarsa, shi ma ya tsufa. Bayan mutane sun watse ya zauna a kan tabarmar nan da kuke kai. Can ya ce, “Isufu, Jakinka bai taɓa kasa mai da ni gida ba, ko sau ɗaya. 'Ya'yana da ubansu suka girma. Amma kada in yi maka ƙarya, har yanzu in na yi mafarki wancan nika tuƙi.”

Na ce, “Na sani.” Muka yi kuka mu biyu, aka ɗauka na inna ne kawai.

To abin da zan faɗa muku ke nan. A sayen jirgin yaƙi babu araha, in ba ka biya da kuɗi ba ka biya da lokaci, lokacin kuma wani sa'in ran mutane ne. Matuƙi sama yake kallo, makanike ƙasa, kuma kowannensu da gaskiyarsa. Ran da aka miƙo muku takarda, ku rubuta abin da idonku ya gani, ko wa zai ɓata wa rai. Amma kada ku yi irin tawa. Na kunyata ɗan'uwana a garin ubansa, gaban kolonel, alhali ana gobe za mu je filin, da daddare tare muka ci tuwo a akushi ɗaya ban faɗa masa ba.