Kwana Uku Muna Dukan Ƙusa Ɗaya

Shekara talatin ina cikin baƙin mai, abubuwa da yawa sun shige min, amma ƙusar nan har in mutu tana cikin raina.

Wani ɗan unguwarmu ne, ma'aikacin ofis, ya jawo tsohuwar motar marigayi mahaifinsa zuwa garejina a unguwar New Bell. Ƙusar da ƙafar gaba take juyawa a kanta, wadda muke ce wa fibo, tsatsa ta kafe ta. Ya ce, "Patron, doucement, a bi ta a hankali. Ƙarfen gaban nan babu irinsa, har kasuwar Ndokoti na zaga." Na ce ya tafi aikinsa, kafin azahar na gama.

Azahar uku ta wuce. Na zuba man birki, na zuba kananzir. Mai shayi ya rantse manja ne maganinta, muka zuba. Duk wanda ya gifta sai ya zama injiniya. Mai walda ya gasa wurin har ya yi ja. Wani mahauci daga unguwar Kassalafam ya tuɓe riga ya karɓi babbar guduma, mutane suna masa kabbara kamar zai kayar da sa. Ƙusa ko gezau.

Rana ta uku mai motar ya dawo da wani tsoho, direban mahaifinsa na da. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya zaro wuƙar goronsa, ya kankare daskararren girisi a gefe. Sai ga kan wani ɗan fegi, bai kai yatsana ba.

"Ɗana, kun cire wannan?"

Na ce, "Baba, muna tafe."

"Ina fa. Shi ya kulle ta. Miƙo ƙaramar guduma."

Bugu biyu fegin ya faɗo. Ƙusar ta bi shi, sulluf. Injiniyoyina suka watse, kowa ya tuna yana da sauri. Da muka goge wurin muka tarar ƙarfen gaban ya tsage, dukanmu ne ya tsaga shi. Motar ba ta sake taka titi ba.

Mai ita ya zage ni tas da Faransanci. Ranar na gode wa Allah da ban yi nisa a lekol ba, wato boko, rabi kawai na gane.

Tun daga nan, duk abin da ya ƙi motsi, ƙarfe ko mutum, sai na kankare na ga abin da ya riƙe shi kafin in ɗauki guduma.