Ramar Saman Bene

Duk lokacin da hutuna ya ƙare zan koma Riyad, uwar yarana ce take shirya mini jaka. Kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa, kowanne a ledarsa. A tafiyar ƙarshe da ta sallame ni, sai ta ƙara wani ɗan ƙulli a tsumman atamfa. Na tambaye ta, ta ce irin rama ne, na bayan ɗakinta, mai jan kara, wanda ta zo da shi daga gidan mahaifiyarta.

Na ce, "A ina zan shuka rama a can? Ko'ina siminti ne da kwalta."

Ta ce, "Ko a gwangwani ne. Kai dai tafi da shi."

Na tafi da shi, na jefa a ƙasan akwati, ban sake waiwayarsa ba.

Ina bakin aiki a unguwar Sulay, ina lodin kwalaye a sito, aka kira ni aka ce ta rasu. Kafin izinin fitata ya fito har an yi sadakar bakwai. Da na isa Maraɗi na leƙa bayan ɗakin, na tarar awaki sun share wurin. Na tambayi ƙannenta ko akwai mai irin a ajiye. Kowacce ta ce ai wurinta suke karɓa duk shekara, ba wadda ta taɓa tunanin ajiyewa. A nan na san abin da ya rage na ramar nan a duniya shi ne wanda ke ƙasan akwatina.

Mu uku ne a ɗaki a gidan ma'aikata na kamfani. Akwai wani dattijo mutumin Damagaram, mai gyaran famfo, da muke kira Baba. Akwai kuma wani Bakano, direba, mai yawan barkwanci. Sun yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, amma ban gaya musu zancen ƙullin ba. Ba abu ne da na iya faɗa ba.

Na jira har zafin Riyad ya fara karyewa. Na kwance ƙullin, na zuba a tafin hannu. 'Yan ƙwayoyi ne masu duhu, masu kusurwa, ba su cika cokali biyu ba. Na raba biyu. Rabin farko na tura shi cikin yashin da na ɗebo a bayan sito, ina ba shi ruwan famfo. Ko ɗaya bai fito ba. Da na tona, duk sun ruɓe.

Baba ya ga ina zubar da yashin, ya ce, "Me ka binne a nan?"

Na ce rama.

Ya ce, "Da ruwan famfon garin nan? Ni da nake kwance bututu kullum na san gishirin da ke ciki. Ka tara wanda ke ɗiga daga na'urar sanyi, shi ba ruwansa da gishiri. Ƙasa kuma ka sayo wurin masu sayar da furanni."

Rabin da ya rage na bi shi a hankali. Na jiƙa shi ya kwana a kofi, na kwashe waɗanda suka taso sama. Sauran na jera su a tsumma mai danshi cikin faranti, na kife da wani farantin, na ɗora a kan firji inda akwai ɗan ɗumi. Safe da yamma nake buɗewa. Da farko ba komai sai warin danshi. Wata safiya na ga ɗaya ya tsage, wani farin abu ya leƙo kamar haƙorin jariri. Na mayar da farantin na rufe, na tafi aiki.

Kaɗan ne suka tsira. Na samo bokitan fenti, na huda gindinsu da ƙusa mai zafi, na dasa su da tsinken ashana don kada in karya saiwar. A bakin taga suka yi ta tsawo kamar zare, suna karkata wajen haske, har ɗaya ya faɗi bai tashi ba. Na hau da su saman bene, na yi musu inuwa da buhun albasa. Tattabaru suka tsinke mini biyu, na kewaye sauran da ragar sauro. Daga nan suka kama. Karan ya yi kauri, ya fara ja daga ƙasa, irin jan nan da na sani.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san halin rama. Tana ƙarama ganyenta a dunƙule yake, in ta fara tsawo sai na sama su rabu kamar yatsun hannu. Ni farin ciki na yi da na ga sun fara rabuwa. Ban kawo komai a raina ba, sai ranar da Bakano ya hau shanya kaya ina ban ruwa.

Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Mutumin Maraɗi, zo ka tsaya nan inda nake."

Na je.

Ya ce, "To ka manta kai Bahaushe ne. Ka kalle ta da idon askar, 'yan sandan garin nan."

Na kalla. Daga inda muke tsaye, ba abin da ya raba ta da wiwi.

Ya ce, "Ni na san rama ce, Baba ya san rama ce. Amma wanda zai zo ba da kwaɗo aka raine shi ba. Kafin a gane gaskiya mun kwana a rufe, an karɓe igama, takardar zamanmu, an sa mu a jirgi. Ka tuge ta, don girman Allah."

Baba, da ya biyo mu da bokitin wankinsa, ya ce, "Bakano ke nan. Ganye ma tsoronsa kake ji?"

"Baba, kai in an kore ka hutu aka ba ka, jikoki za ka je ka goya. Ni 'ya'yana suna makaranta."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Na ce su ba ni lokaci in yi tunani. Abin da tunanin ya ba ni shi ne in ja bokitan zuwa bayan tankin ruwa, inda ba a hangensu daga gidajen maƙwabta. Ashe abin da zai ƙara ɓata zancen ke nan. Wani ma'aikaci da aka turo wanke tanki ya ga shuka a lungu, an rufe ta da buhu da raga, ya ɗauki hoto ya aika wa mai kula da gidan.

Mai kula da gidan ɗan Sudan ne. Ba mugu ba ne, amma gidajen kamfani da yawa ne a hannunsa, kuma duk abin da ya faru a cikinsu shi ake tambaya. A unguwar Shumaisi yake zaune, sai bayan la'asar yake zagayowa wajenmu. Ranar ya kira mu uku saman bene, ya ce shukar wa ce. Na ce tawa.

Ya ce, "In ba abin laifi ba ne, me ya kai shi bayan tanki?"

Na tsinki ganye na tauna a gabansa, na miƙa masa wani. Ya mayar da hannayensa baya. Baba, wanda ya fi mu Larabci, ya ce masa 'yar'uwar zoɓo ce, wanda su suke kira karkade.

Mai kula da gidan ya ce, "Ni karkade a kofi na san shi. Ku ji, ba na son in kira kowa. A zubar yanzu a gabana, in goge hoton, zance ya mutu."

Bakano ya sunkuya ya kama bakin bokiti. Ban san lokacin da na ɗora hannuna a kan nasa ba. Larabcina na sito ne, na ɗauko da ajiye, amma abin da zan faɗa ba ya buƙatar fiye da haka.

Na ce, "Na matata ne. Ta rasu. Babu saura a ko'ina."

Bakano ya zare hannunsa a hankali. Mutumin ya yi mata addu'a, muka ce amin. Ya shafi gemunsa, ya ce, "To yaya za ka nuna mini?"

Baba ya durƙusa ya ɗaga wani reshe. A hammatar ganyen akwai 'yan tohon fure kamar ƙwayar wake. Ya ce in sun buɗe, fure ne babba irin na kuɓewa, kuma wancan abin da ake tsoro ba ya yin irinsa.

Mai kula da gidan ya ce, "Furen kuɓewa na san shi. In na gani da idona, ta zauna. Hoto ba na so, kowa na iya ɗauko hoto a waya. Kafin nan a kulle ƙofar saman nan, makulli a hannun dattijo."

Muna saukowa Bakano ya tsaya a kan matakala, bai juyo ba. Ya ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko?"

Na ce, "Da na faɗa, da ba ka ji tsoro ba?"

Ya ce, "Da na ji. Amma da ban kama bokitin ba."

Furen farko ya buɗe a ranar aiki. Na gan shi bayan asuba, na kira mai kula da gidan, ya ce yana wani gefen gari, sai yamma. Na san furen rama ba ya wuce azahar, amma na tafi aiki ina fata ko wannan zai daure. Bai daure ba. Lokacin da mutumin ya iso, ya murɗe ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya juya shi da bakin biro, ya ce shi bai ga komai ba. Ya ƙara da cewa mutanen kamfani za su zo duba gidaje a mako mai zuwa, kuma ba zai bari su hau su tarar da wannan ba.

Kwanakin da suka biyo baya iska ta yi ta kaɗawa da ƙura, ta zubar da wasu tohon. Ina dawowa daga aiki, kafin in cire takalmi, sai in karɓi makulli in hau. In goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, in taɓa ƙasar da yatsa ko ta bushe, in duba waɗanda suka rage. Ba abin da mutum zai yi wa fure ya buɗe. Ranar Alhamis da yamma na ga ɗaya ya kumbura, bakinsa ya nuna ruwan ɗorawa. Ban gaya wa kowa ba, don kada baki ya riga rabo.

Da safiyar Juma'a muka hau ni da Baba. Biyu ne suka buɗe, ba ɗaya ba. Faɗinsu ya kusa tafin hannu, fari-fari mai ratsin ruwan ɗorawa, tsakiyarsu ja mai duhu. Na kira mutumin, wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Ranar hutu ce, ba mai ganin laifinsa.

Bakano, da ke bakin ƙofa da buroshi a baki, ya ce, "Ka san gidansa?"

Baba ya ce shi ya sani, ya taɓa gyara masa famfo. Suka ari ƙaramar motar wani maƙwabci suka tafi. Ni na zauna gadin furen. Na matsar da buhun ya tare rana, na zauna a kan bulo ina kallon inuwar tanki tana janyewa.

Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji muryoyinsu a matakala. Mutumin yana cikin jallabiyar barci da silifa, yana mita cewa bai taɓa ganin inda aka tashi mutum ranar Juma'a don ganye ba. Bakano yana bayansa yana ce masa ai lada ce, ya yi haƙuri, shayi na wuyansa.

Mutumin ya iso gaban bokitan. Ya tsuguna, ya tallafi furen da yatsu biyu, ya leƙa cikinsa. Sai ya yi dariya.

Ya ce, "Kuɓewa sak. A bayan gidan kakata akwai irin furen nan."

Da kansa ya tsinki ganye ya sa a baki. Tsamin ya kama shi, ya runtse ido ɗaya.

"Wannan kuke ci?"

Baba ya ce, "Da ƙuli-ƙuli da albasa. Ba a yi maka ba ne."

Mutumin ya fito da waya ya goge tsohon hoton a gabana, ya ɗauki sabo, fure da ganye tare, ya ce shi zai nuna wa mutanen kamfani tun kafin su tambaya. Ya ce in fito da bokitan fili inda kowa zai gani, kada in sake rufe su a lungu. Sannan ya dafa kafaɗata ya sake yi mata addu'a.

Na so in yi masa godiya mai kyau, amma abin da ya fito kaɗan ne. Na koma kan bulon na zauna. Bakano da Baba suka ja bokitan zuwa tsakiyar fili, suna gardamar inda rana ta fi sauƙi.

Da za su sauka, Bakano ya ce, "Mutumin Maraɗi, ladan direba fa? Kwaɗo nake so, cike da kwano."

Na ce, "Bana ba za a taɓa ta ba. Sai ta yi 'ya'ya sun bushe."

Ya dubi shukar, ya dube ni. Ya ce, "To, baɗi. Baba, kai ne shaida."

Suka sauka da baƙon don haɗa shayi. Sai a lokacin na tuna tun safe ban ba ta ruwa ba. Na ɗauko gorar na zuba a gindin kowacce a hankali, na jira ƙasar ta shanye, na ƙara kaɗan. Sannan na bar ƙofar a buɗe na bi su.