Jini Ne Ko Goyo, Malam?

Shekara tara ke nan da Malam, maigidana, ya koma ga Mahaliccinsa. Har yau in na ji tarin namiji a zaure sai in zaci shi ne. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, ina share hawaye.

Ɗanmu na fari, wanda kunya ta hana ni kama sunansa, da yaye ya zo sai Malam ya ɗora shi a keke ya kai wa yayarsa a Tsanyawa. Aka ce sai ya manta nono. Bai dawo ba sai da ya isa riƙe fartanya. Tun daga nan bai taɓa sakin jiki da ni ba, daga bakin ƙofa yake gaishe ni. Ƙannensa da suka tashi a bayana kuwa, har yau hannu suke sa min a kwano.

In na yi ƙorafi sai Malam ya ce, "Ke dai kin cika zargi. Jininmu ne, babana ma bai san dariya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Na yarda, don ban san shi da ƙarya ba. Amma yanzu na fara shakka. In jini ne, ƙannen fa, jinin wa suka ɗauko? Me ya sa in Malam ya dawo daga ganin yaron sai ya kasa cin tuwo? Ina zaton ya gane da wuri, ya lulluɓe da karin magana don kada in ji ciwo. Ko don kada shi kansa ya ji.

Ga shi yaron nan ya haifi nasa na fari a Ungogo. Makon jiya ya zo ya ce, "Inna, yaye ya kusa. Za mu kawo miki shi ya ɗebe miki kewa." Matarsa na gefe ta ƙanƙame ɗan. Na rasa gane ko kyauta yake min ko gwada ni yake.

Da Malam na raye, zai ce a kawo? Ban tabbata ba. Allah Ya sani ɗakina ya yi shiru, ina son jikan nawa. Amma na ce, "A yaye shi a gaban uwarsa. Ku riƙa kawo min shi yini."

Malam ya bar gona, ya bar suna mai kyau, ya bar min wannan shakka. Gonar an raba wa 'ya'ya. Shakkar kuwa ba zan bari jikana ya gada ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana.