Ranar da Harafin X Ya Ƙare a Shagonmu

Wata Alhamis ce da har yau ban manta da ita ba, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe. Muna shagon buga suna a riguna kusa da tasha a Gusau, ni da maigidana Alhaji Sani, sai ga Malam Nura, mai gidan wasan gem na kwamfuta a Tsafe, da buhun riguna. Washegari zai yi gasa, kowane ɗan wasa da sunan dodon da yake wasa da shi a bayansa. Alhaji ya yi alkawari rigunan za su bi motar la'asar.

Ga yadda aikin yake. Haruffan roba yankakku ake kawo mana daga Kano. Kowanne da gidansa a akwati. A jera su a riga, a gyara layi, a danne da injin zafi. Muna saro su ne bisa sunayen mutanenmu: A da I da U tuli, X da V da Z 'yan kaɗan.

Malam Nura ya fara kiran sunaye: Vorzax, Kraxiz, Zugrox. Kafin azahar gidan X ya zama fanko, na V da na Z suka bi baya.

Alhaji ya ce, "Nura, wanga wane irin suna ne? Ba su da Musa ko Audu?"

"Alhaji, dodanni ne. Wa za ya yi masu suna da rago?"

Ba wanda ya yi dariya sosai, don rabin rigunan na nan. Na ɗauki I biyu na gicciye, X ta fito. Na kifa A na yanke sandar tsakiyarta, ta zama V. Na kwantar da N, ga Z. Alhaji ya duba daga nesa, ya ce a danne.

Ina cikin jerawa na lura da wani abu. Wasu sunayen K da Z da X da R suke ci. Wasu kuwa, irin Lumulu da Momali, L da M kawai suke nema. Ban taɓa ganin wasan ba, amma na ce, "Malam, wannan Lumulu ƙarami ne, ba ya cizo. Kraxiz kuwa yana da haƙora."

Ya buɗe wayarsa. Lumulu wani ɗan dunƙule ne mai manyan idanu. Kraxiz duk baki ne. Ya kira wasu sunayen, ina faɗin kamanninsu yana nuna hotunansu. Duk na canka daidai. Wani mutum a wata ƙasa, ba ya jin yarenmu, ya zauna ya ƙirƙiri abin da babu shi, ni kuma a Gusau na ji tsoron da ya nufa tun daga haruffa. Alhaji ya ce, "Ikon Allah."

Direba na ɗaure kaya muka kai buhun, rigar ƙarshe da sauran ɗuminta.

Ku da kuka shigo sana'ar nan bayanmu, ina roƙonku abu ɗaya: kafin ku yi wa mutum alkawarin lokaci, ku sa ya kira muku sunayen da bakinsa, ku saurara da kyau.