Wayar da Aka Kulle a Akwati

Maigidana ma'aikacin gona ne a nan Dogon Dutsi, amma rabin ransa yana cikin ordinatar, wato kwamfuta. Shekara shida ya yi yana rubuta wani lojisiyel, wato manhajar kwamfuta, na ruwan sama. Ya kafa gwangwanayen awo a ƙauyuka, daga Kieshe har Lugu. Duk ruwan da ya sauka, wani manomi zai turo masa mesaj da yawan abin da gwangwani ya tara, na'urar ta haɗa da na shekarun baya, ta faɗi ko ƙasa ta sha isasshe a shuka hatsi ko a dakata. Ni malamar lakwal ce, makarantar boko, na san karatu, amma in na leƙa allon sai in ga kamar kaji sun yi tono. Nakan ce masa, "Malam, kakanninmu da diddige suke gane lema, kai sai ka tambayi ƙarfe?" Sai ya yi dariya ya ce diddigen ne yake koya wa ƙarfen.

Rubutun da ake gina lojisiyel da shi, wanda yake kira kod, bai ɓoye shi ba. Ya ɗora shi a wani shafin intanet na kyauta inda kowa zai iya kwafa. Burinsa ke nan, ko ba ya nan wani ya ɗauka ya ci gaba.

Bayan kaka ya rasu. Yana dawowa daga Tibiri a kan babur mota ta buge shi, ordinatar tana cikin jakar bayansa, ta yi raga-raga. Wayarsa kaɗai aka kawo mini lafiya lau, ko tsagewa ba ta yi ba.

Ran sadakar uku wansa, wanda muke ce wa Yaya, ya tattara kayan mamaci, riguna da takardu da wayar, ya zuba a akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo. Ya ce dukiyar marayu ce, ba mai taɓa ko allura sai na fita takaba an zauna rabon gado. Ya sa makulli a aljihu ya koma Tibiri. Ban ga laifinsa ba, har gobe. Tsoron Allah ne ya sa shi.

Kwana biyu ina jin wayar tana gurnani a cikin akwati kafin cajinta ya ƙare. Wallahi raina ya ba ni in aika a karɓo makullin. Amma me za a ce? A ce ƙasar kabari ba ta bushe ba ta fara leƙen gado? Na san bakin matan unguwarmu, ya fi reza. Na ja bakina na yi shiru, wata huɗu da kwana goma.

Da aka buɗe akwatin bazara ta kama, wayar ta faɗo a rabon ɗiyata. Na sa mata caji, na buɗe saƙonninsa. Uku daga ciki na masu shafin nan ne, da Faransanci. Na farko ya ce za su rufe nan da wata uku, kowa ya kwashe kayansa. Na biyu tuni ne. Na uku ya ce an rufe. Na ƙirga da yatsa, sati biyar ke nan da rufewar.

Ko mayafin kirki ban yafa ba na tafi biro, wato ofishinsu, wurin abokin aikinsa. Na ce, "Kai da kuke tare kullum, ba ka kwafa ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, abin da ke intanet, wa zai ce zai ɓace? Na ɗauka yana nan."

Kowa haka ya ɗauka. Abu shekara shida a buɗe, ba ƙofa ba kwaɗo, amma ba wanda ya miƙa hannu, don kowa na cewa ai yana nan. Na faɗa masa maganganu masu zafi ranar, waɗanda ni ya kamata in faɗa wa kaina. Allah ya ba shi haƙuri, bai rama ba.

Shi ne ya tuna akwai wani babban rumbu a intanet, wanda aikinsa ke nan, bin irin waɗannan shafuka yana kwafe kod ɗin da aka bari a fili, yana ajiyewa don na baya. Ya ce da wani ya liƙa musu adireshin ya danna, ko minti ɗaya ba za a yi ba, da sun ɗauke duka. Minti ɗaya! Ni da na yi wata huɗu ina kallon akwati.

Muka zauna muna jiran rezon intanet ya kama, ya rubuta sunan aikin. Sai ga shi ya fito. Na yi kabbara da ƙarfi har masinja ya leƙo. Amma mutumin bai ɗago ba. Ya ce rumbun sau ɗaya ya taɓa bi ta kansa, tun shekarar farko. Fayil uku ne kawai, lokacin gwangwani biyu ne da maigidana. Aikin shekara biyar na bayansa babu.

Na ce, "To wannan ba zai yi aiki ba bana?"

Ya girgiza kai. Ya ce wannan ko karɓar mesaj bai iya ba tukuna.

Na ce ya matsa in gani. Duk tonon kajin nan ban gane komai ba, sai can ƙasa na ga layi ɗaya da Hausa, irin bayanin da masu rubuta kod suke bar wa kansu a tsakiyarsa. Maigidana ne ya rubuta, "Nan wurin bai yi ba tukuna, zan gyara in Allah ya kai mu."

Na san ya gyara. A gabana ya gyara, ina tankaɗe yana murna kamar yaro. Amma duk wanda ya buɗe rumbun nan, yau ko bayan shekara ɗari, mutumin da bai gama ba zai tarar. Na kifa kaina a kan teburin mutane na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo gawarsa.