Daddawar Inna Tahira a Gidan Abincin Manya

Har yau in aka ambaci Inna Tahira a ƙauyukan gabas da Tsanyawa, kafin a ce komai sai an yi murmushi, domin ita ce matar da ta kwance ƙullin daddawa a tsakiyar wani shahararren gidan abinci a Kano, irin wurin da ko tari mutum zai yi sai ya duba hagu da dama. Waɗanda ba su je ba sun fi kowa iya ba da labarin. Wasu sun ce wata Hajiya ta suma, wasu sun ce na'urar sanyaya ɗaki ce ta tsaya cak. Babu wanda ya suma. Mutane dai sun toshe hanci, wani ma'aikaci kuma ya zo da gwangwanin turare yana fesawa a bayanta kamar mai korar sauro.

Ba neman suna ya kai ta ba. Tahira ta buɗe ido ta tarar da uwarta tana daddawa, ita ma uwar haka ta tarar da tata. Aiki ne mai cin rai. A dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, yini guda cur, a surfa a turmi, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe, a bar ta kwana uku ta nuna. Tahira ba ta ɗaga lulluɓi don ta duba. Daga bakin ƙofa take shaƙa ta ce saura rabin yini, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Da aka kawo ta gidan Malam Zailani, ɗorawa bakwai ce a gonarsu. To amma gonakin nan manne suke da juna, kuma duk rasuwa sai an sake yanka su. Wanda rabonsa ya faɗo da bishiya sai ya ce inuwa tana cinye masa gero, ya kira masu gatari. A haka aka wayi gari saura ɗaya, can kan iyaka. Matan da a da suke tsugunawa gaban faifanta ranar kasuwa su ma sun koma wa dunƙulen kanti, wanda ba ya wari, ba ya kuma neman daka.

Duk wannan bai dame ta ba kamar rashin magajiya. Autarta Muhsina ce kaɗai ta rage a gabanta, ita kuwa Muhsina ta ce warin yana kama mata hijabi har ƙawayenta na Islamiyya suna matsawa gefe. Ɗinki take so ta koya. Ta ce daddawa sana'a ce da ba ta da gobe.

Ana nan sai Kamaruddeen, ɗan farin Tahira da yake aiki a Kano, ya zo hutun salla. Ya ba da labarin wani gidan abinci da manyan mutane suke cika wa da motoci don kawai su ci tuwo da miyar kuka, ya ce yana so ya kai Inna ta ga duniya. Kowa ya zaci za ta ƙi, don mota juyar mata da kai take yi. Sai ta amsa nan take. Lissafinta ɗaya ne: duk inda ake kaɗa kuka ana neman daddawa. Ta faɗa wa Muhsina haka. Muhsina ta yi dariya ta ce in har mutanen birni suka karɓa, ita da hannunta za ta ɗora tukunyar kalwa ta gaba. Tahira ta riƙe wannan maganar. Ta zaɓi daddawa mafi baƙi, mafi ƙamshi a wurinta, ta ƙulle a ɗankwali uku, ta sa a jaka.

Wurin ya yi kyau, wannan ba a musu. Sanyi dai ya sa ta ja mayafi, kujerar kuma ta yi tsayin da ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Sun daɗe suna jira har ta fara tunanin ko yanzu aka tafi kai niƙa. Da abincin ya iso, sai ga malmalar tuwo da ba ta fi ƙwan agwagwa ba, zaune ita kaɗai a tsakiyar wani farin faranti mai faɗin faifai, kamar marainiya. Miyar tana gefe a ɗan kwanon da a gida sai dai a zuba wa kaza ruwa. Babu ruwan wanke hannu, sai cokula har kala uku.

Ta ɗanɗana. Gishiri ya ji, dunƙule ya ji, naman ma babu laifi, amma miyar ba ta da uwa. Tausayi ne ya kama ta, ba fushi ba. Wani bawan Allah yana can cikin hayaƙi yana ta wahala, babu wanda ya taɓa gaya masa abin da ya rasa.

A ƙauyensu ba a cin abincin mutum a tashi ba a leƙa an yi wa mai girki sannu da aiki ba, ba kuma a shiga hannu rabbana. Don haka ta ce a kai ta wurin mai girki. Ma'aikacin ya rusuna ya ce baƙi ba sa shiga can. Ta ce to a kira shi. Ya ce yana aiki. Kamaruddeen ya raɗa mata cewa nan ba a haka. Ba ta ko dube shi ba, da ma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. Ta ce tunda mai girki ba zai fito ba, ga saƙonsa a kai masa. Ta kwance ɗankwali na farko, na biyu, na uku.

Daddawar da ta yi tafiyar mota cikin rana, ta kuma sami ɗaki rufe ruf, ba ta jira izini ba. Manajan wurin ya zo da kansa, mutum mai ladabi ƙwarai, ya ce Hajiya ta yi haƙuri, ba a shigowa da kayan waje. Ta ce ya shinshina kawai. Ya ja da baya taki ɗaya, murmushinsa bai gushe ba. Ta mayar da ƙullinta jaka, suka fito suka kama hanyar gida.

A tashar motocin Tsanyawa yunwa ta tuna da su. Akwai wata mai tuwo a rumfar kwano, benci biyu, buta da ruwan wanke hannu. Malmala cike da kwano, miya tana tururi. Loma ɗaya Tahira ta kai ta ce akwai daddawa, sai dai an yi gaggawar buɗe ta da kwana guda. Matar ta saki ludayi ta zo ta zauna. Ta shinshina ƙullin Tahira ta lumshe ido, ta ce rabonta da jin irin wannan tun kakarta tana da rai. Tahira ta bar mata duka kyauta. Ta tambaye ta ko za ta riƙa saya. Matar ta ce da so samu ne, amma an ba su wata biyu su tashi, za a gina shaguna a wurin, ita ma gida za ta koma.

Muhsina ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta duba fuskar yayanta ta gane. Bayan salla babba ta fara zuwa koyon ɗinki, kuma an ce hannunta yana da kyau. Bara aka sake rabon gado a dangin Malam Zailani, iyaka ta matsa taki huɗu, ɗorawar ƙarshe ta faɗa rabon wani. Kututturen yana nan, awaki suna hawa.

Mati, ƙanin Malam Zailani kuma abokin wasan Tahira tun tana amarya, shi ne ba ya barin maganar ta kwanta. Duk ranar da aka kaɗa kuka a gidan sai ƙafarsa ta kawo shi, wai wucewa yake yi. Kwanan baya ya zauna a tabarma yana suɗe kwano, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Matar yaya, yaushe za a koma Kano a sake yi wa manya turare? An ce har yanzu labulayensu suna gaishe ki."

Tahira tana tsintar tsakuwa a ragowar kalwar da ta ɓoye, ba ta ɗago ba.

"Suɗe da kyau, Mati," in ji ta. "Kalwar nan da ka gani ita ke nan. In ta ƙare ba sai ka hau mota ba, miyar Kano za ta zo ta same ka har tabarma."