Tankar Kawu da Kaskon Kaka

Shekarar da aka rufe kan iyaka, tankar mai ta yi kwana tara a ƙofar gidanmu a Dusuman, cike fal da fetur. Ƙanen Umma ne direbanta, yana kai mai Chadi ta cikin Kamaru. Gwamnatocin suka saɓa, wannan ta ce ana sace mata mai, waccan ta ce ba za a bi ta ƙasarta ba, aka juyo da Kawu daga Gamboru. A defo, ma'ajiyar mai, aka ce babu wuri, sai ya kawo mana.

Lokacin nan ko taya ce ta fashe, unguwa gaba ɗaya sai ta kwanta ƙasa don tsoron bam. Ni da nake cika bakin ba na tsoron komai, atishawa ma sai na zaga bayan gida nake yinta. Umma ta hana hura wuta. Garin kwaki muka yi ta sha har gumina ya koma warin rogo.

Kakata kaɗai ta ƙi yarda. Babarbariya ce, a wurinta karɓar baƙo babu turaren wuta cin mutunci ne. Umma ta ɓoye kaskon turarenta cikin buhun gero.

Rana ta tara da hantsi sojoji uku suka zo, wai an ce akwai mai kai wa 'yan daji fetur. Kawu yana miƙa musu takardu, sai na ji ƙamshi. Na waiga. Ashe Kaka ta tono kaskonta ta hura wuta a ɓoye, ga ta ta fito daga zaure, kasko a hannu, garwashi ja jawur, iska na kwasar tartsatsi. Ta nufi inuwar tankar inda sojojin suke, daidai wani bututu da ke ɗigar fetur.

"Lale da baƙi," in ji ta.

Ban san lokacin da na sungumi butar alwala na juye ta kan kaskon ba, har da zanenta.

"Angona, haukacewa ka yi? A gaban baƙi?"

Babban sojan ya dubi garwashin da ke tsuwwa, ya dubi bututun, ya share goshi.

"Mama, saura kaɗan ki kai mu lahira muna ƙamshi." Ya mayar wa Kawu takardunsa. "Tayar da motar nan, mu za mu raka ka defo."

Da yamma Umma ta ɗora tukunya. Kaka ta yi mako ba ta amsa gaisuwata. Ni kuwa har yau, in na ji turaren wuta, sai na duba inda buta take.